Hoton Innarki da Ke Rataye a Falo

Barade, Jalingo.

Zuwa ga 'yata Rukayya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Abuja lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da na ƙarfe, Ya haɗa ki da mutanen kirki a inda za ki zauna. Na cusa ta ne a aljihun jakar kyamara, ƙarƙashin batura, don na san nan hannunki zai fara zuwa. Da a cikin littafin addu'o'in da Goggonki Asabe ta ba ki na sa ta, sai azumi ya zo ba ki gan ta ba.

Ba labarin gida zan ba ki ba, jiya-jiya kika bar shi. Wata magana ce ke cina, wadda na kasa faɗa miki baki da baki. Kin san halin ubanki: gaban amarya da ƙawayenta bakina ba ya hutawa, amma da magana ta juyo kaina sai harshe ya yi nauyi. Hajiyar da za ki yi aiki a situdiyonta za ta koya miki kyamarori da fitilun da ni ko a mafarki ban taɓa riƙewa ba. Abin da ba ta da shi ta ba ki shi ne kurakuraina, su kuwa ina da su buhu-buhu. Ki karɓa, gadonki ne tun ina raye.

Bari in fara da haske. Ina sabon shiga, zamanin fim, aka kira ni bikin 'yar wani malamin makaranta a Kachalla Sembe. Auren coci ne. Amarya baƙa ce kyakkyawa, ta sha farar riga mai jan ƙasa. Aka fito da rana tsaka, na jera su a filin cocin, rana na dukan tsakar ka. Ni a lokacin gani nake in dai akwai rana to akwai haske, magana ta ƙare. Da aka wanko hotuna, riga ta fito fes, har duwatsun da aka ɗinka a ƙirjinta ana gani ɗaya-ɗaya. Fuskar amarya kuwa babu komai sai haƙora da fararen idanu, inuwar hanci ta sauko har leɓe. Uban ya juya hoton, ya sake juyawa, sannan ya ɗago ya ce, "Mai hoto, riga na haya ne, mun mayar tun jiya. Yarinya ne namu. Ina yarinya?" Biki kuwa ba a maimaita shi.

To ki ji. Kyamara sakarya ce, farin kaya na ruɗinta. In ta ga farin leshi ko farar riga sai ta rage haske don ta kyautata wa tufafi, ta bar fuskar mutum cikin duhu. Ke ce mai hankali, ki auna haskenki a kan kuncin amarya, kayan su bi baya. Kada ki tsayar da ita a rana tsaka ko da uwar biki na yi miki ihu. Ki ja ta bakin ƙofa ko ƙarƙashin baranda, inda haske ke shigowa ta gefe a hankali. Gindin mangwaro akwai daɗin zama, amma ganye na tsiyayo rana, sai fuska ta fito dabbare-dabbare. In dole sai a waje, ki yi haƙuri har bayan la'asar. Kuma ki riƙa yawo da farin zanen gado a jakarki. Ƙawa ɗaya ta riƙe miki shi ta ɓangaren da inuwa take, ya mayar da haske kan fuska. Ya fi mini wasu fitilun amfani.

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya zabura. Bayan wancan bikin sai na koma ɗaya gefen, na kama watsa wa amare filashi tsakar fuska kamar ina neman ɓarawo. Na yi shekaru a haka. Hodar da mai kwalliya ta shafa sai ta kama hasken, amarya ta fito furu-furu kamar wadda ta dawo daga injin niƙa, wuyanta daban fuskarta daban. Akwai gidaje da yawa a garin nan da irin waɗannan hotunan nawa ke rataye, in na shiga gaisuwa sai in zauna in ba su baya. Baƙar fata ba yawan haske take so ba, mai laushi take so, wanda zai bi ta gefe ya fito da sheƙinta. Ki juya kan filashin ya daki silin ko bango ya dawo. Amma ki dubi bangon tukuna, don ɗakunanmu ba sa rabo da koren fenti ko shuɗi, kuma launin bango shi zai hau fatar. Haka rumfar biki mai jan tamfol, in kika bar amarya ƙarƙashinta sai ta fito kamar an tsoma ta a manja.

Ke kina da abin da ban taɓa samu ba. Mace ce ke, za ki shiga har ƙuryar ɗakin amarya ranar lalle da ranar kamu, inda ni iyakata zaure, ina jira a fito mini da ita a gajiye. In kin shiga, ki kashe ƙwan lantarki, ki ɗage labule, ki zaunar da ita kusa da taga. Ki tambaye ta ko ta ci abinci, don yawancinsu tun safe ko ruwa ba su sha ba, kuma yunwa na fitowa a hoto. Ki roƙi ƙawaye su ba ku wuri na ɗan lokaci. Kada ki ce mata "yi murmushi". Ki tambaye ta wa ya zana mata lallen nan, za ta dubi hannunta ta yi murmushin da kanta.

Duk wannan da na zuba, kewaye-kewaye nake, kin kuma san ni. Ga maganar.

Makon da ya wuce na tsaya a bayanki a shago kina gyaran hotunan amaryar maƙwabtanmu. Na ga kina jan haske kina ƙarawa, kina ƙarawa, har yarinyar da muka sani wankan tarwaɗa ta koma kamar Balarabiya. Na ce, "Rukayya, ba ki wuce gona da iri ba?" Kika ce ba tare da kin juyo ba, "Baba, haka ake yayi yanzu. In ba ka haska su ba, ba za su sake kiranka ba." Sannan kika yi dariya kika ƙara da cewa, "Ai da na ɗauko farin Inna da na huta da filta. Ni ce dai na yi rashin sa'a na biyo ka." Na fita na tsaya a bakin titi ina kallon masu keke Napep na shiga kasuwa, kamar mai jiran wani. Ba kowa nake jira ba. Da ana haɗa kayanki kuma na ga kwalbar man da kika naɗe cikin ɗankwali. Na san irinsa. Na ɗauki hoton isassun amare masu farar fuska da baƙaƙen gaɓoɓin yatsu.

Rukayya, Innarki ba fara ba ce. Hoton nan da ke falo, wanda kika tashi kina nunawa da yatsa kina cewa "Inna", ƙaryata ce na sa wa gilashi na rataye.

Dija baƙa ce, baƙi mai sheƙi irin na nunanniyar ɗinya. Tana da tsaga uku-uku a gefen baki, ƙanana, in ta yi dariya sai su tattaru. A wani biki na fara ganinta a rugarsu ta wajen Sunkani, na je ɗaukar hoton wata, na dawo da tunanin wata. Da na faɗa a gida cewa Bafulatana zan aura, sai kowa ya zana tasa a rai: fara sol, mai dogon hanci. Ranar da aka kawo ta, ina ji da kunnena wata daga cikin dangi ta ce, "Yo ina farin? An ce mana Bafulatana." Abokaina na bakin kasuwa suka samu abin tsokana, wai na je rugar Fulani na tsallake nono na ɗebo gawayi. Goggonki ma ta taɓa nata, ita ce shaida, ki tambaye ta. Na yi ta dariya tare da su, amma maganar ta zauna mini. Ina sonta, Allah Ya sani. Sai dai ina son a yaba mini, kuma a lokacin ban san wanne ya fi ƙarfi ba.

Ana cikin makon amarci, wata safiya da hantsi, na shigo na same ta zaune a bakin gado kusa da taga, a ɗakin da yanzu kike kwana. Lallenta bai gushe ba, ta yafa shuɗin mayafi. Hasken ya bi gefen fuskarta ya kwanta. Na ce kada ta motsa, na ɗauko sabuwar kyamarata, irin mai kati da ta fara shigowa garin nan a lokacin. Ta ce, "Kai dai ba ka gajiya," ta kau da kai tana dariya, na danna. A duk shekarun da na yi ina sana'ar nan ban ɗauki hoton da ya kai wannan ba, kuma tun a wurin na san haka.

A shekarar ne na sayi kwamfuta, ina ɗokin abin kamar yaro da sabon keke. Na zauna a shago na buɗe hoton. Da farko ɗan haske kawai na ce zan ƙara. Na ƙara, ya yi kyau, na sake ƙarawa. Sai tsagar ta fito baƙa a kan farar fata, ta zama kamar datti, na bi na shafe ta. Na rage faɗin hanci. Na goge fatar har ta koma sumul kamar roba. Da na gama na jingina ina jin kaina gwani, na danna ajiya a kan na asalin. Katin kuma na share shi, don ina da biki ranar Asabar kuma shi kaɗai gare ni. Garin neman gira na rasa ido, ban ma san na rasa ba.

Na wanke shi babba, na sa a firem, na kawo gida ina taƙama. Dangi suka yi ta santi, masu tsokana suka ce lallai na iya aiki. Dija ta karɓa ta daɗe tana kallo. Sai ta yi 'yar dariya ta ce, "Sannu da ƙoƙari. Ita wannan ɗin, 'yar wane gari ne?" Na ɗauka wasa take, na ce ai ita ce, gyara kawai na yi. Ta ce, "To, useko," wato na gode. Ita da kanta ta nemo ƙusa. Kullum da safe sai ta goge masa ƙura, kamar yadda ake kula da kayan baƙo.

Daga ranar ba ta sake tsayawa gaban kyamarata ba. In na ɗauko sai ta ja mayafi ta ce, "Ai kana da hotona." Ni da wautata na ɗauka kunyar Fulani ce. Sai da aka haife ki, bayan suna, na zo zan ɗauke ki kina kwance a cinyarta. Ta sa tafin hannu ta kare fuskarki, ta ce a hankali, "Ka ɗauka. Amma wannan kam kada ka kai shi kwamfuta. Ka bar mini shi yadda Allah Ya ba ni." A nan na gane. Wallahi sai da na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mace ta yi shekara tana kwana tana tashi da shaidar cewa mijinta ya so a ce ba haka take ba, kuma ko sau ɗaya ba ta ɗaga mini murya ba.

Na yi niyyar in ba ta haƙuri, in zaunar da ita a bakin tagar nan in sake ɗauka. Na ce sai an gama bukukuwan bayan salla. Aka gama, wasu suka taso. Matar mai hoto ai kullum tana nan, gobe ma rana ce. Kina fara tafiya ciwo ya kama ta, ta rame, kuma ba zan ɗauke ta a haka ba ko da ta yarda. Allah Ya karɓi abarsa kafin ki iya kiran sunanta daidai. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta.

Ranar sadakar arba'in, kakarki Maama ta zo daga ruga. Dija ce autarta. Da za ta koma, ta sa Goggonki ta gaya mini tana son hoton 'yarta ta tafi da shi, tunda an ce aikina ke nan. Na sauko da firem ɗin na miƙa. Ta riƙe shi nesa, ta matso da shi kusa, ta sa gefen mayafi ta goge gilashin, tana zaton idonta ne ko ƙura. Ba ta dube ni ba, saboda kunyar suruki. Ta juya wajen Goggonki ta ce, "Asabe, wannan ba yaro na ba ne. Yaro na baƙi ne. Tsaga na bakinshi, ni na riƙe kanshi ranar da an yi, yana kuka. Ina an kai?" Ta ajiye hoton a kan tabarma da hannu biyu, ta ɗauki ƙwaryarta ta fita. Na bi duk wanda ya zo bikinmu ina neman wani hoton. Abin da na samu 'yan hotunan taro ne, tana can baya, kai a sunkuye cikin mayafi, fuskar ba ta kai ƙwayar wake ba.

Za ki ce me ya sa na mayar da shi bango, me ya sa na yi shiru. Shi kaɗai ya rage, shi ya sa na mayar. Shirun kuwa tsoro ne. Kina aji biyu kika dawo daga makaranta kika tambaye ni, "Baba, me ya sa ban yi fari kamar Inna ba?" Na ce, "Ni kika biyo." Kalma uku, na kashe maganar, na sayi zaman lafiyata da kuɗin da ke za ki biya. Goggonki ta yi shiru don ita ma da hannunta a ciki. Maama ce kaɗai ke gaya miki gaskiya. Duk zuwanki ruga sai ta kama fuskarki ta ce, "Ɓingel am, yaro na, kai ne Dija," ke kuma ki dawo kina ba mu labari kina dariya, wai idon Maama ya fara tafiya. Idonta ƙalau yake a lokacin. Ni ne na bari kika mai da tsohuwa mai ruɗu.

Saboda haka ga abin da na sani game da gyaran hoto, kuma da tsada na koye shi. Kafin ki taɓa komai, ki ajiye na asali a wuri biyu, kada ki taɓa danna ajiya a kansa. Abin da biki ya kawo wa amarya, ki cire: ƙurjin da ya fito mata saboda rashin barci, gumin goshi, kwallin da hawaye ya jawo, zaren da ya sauko daga gwaggwaro. Abin da ta zo da shi daga gidan ubanta, ki bari: launinta, tsagarta, wushiryarta, hancin danginsu. In kin gyara fuska ki dubi wuya da hannuwa, su zama na mutum ɗaya. Ki bar fata ta zama fata, a ga ƙofofin gashinta. In kin gama, ki tashi ki sha ruwa, ki dawo ki jera gyararren da na asali, ki tambayi kanki: in uwarta ta gani, za ta gane ta?

Na san za a matsa miki. Amarya da kanta za ta ce ki haska ta, ƙawaye su taya ta. Ba na ce ki yi faɗa da masu ba ki aiki ba, zamani riga ne. Amma ki fara nuna mata wanda kika ɗauka da haske mai kyau. Da yawansu ba fari suke nema ba, ba su taɓa ganin baƙinsu ya fito da kyau a hoto ba ne, saboda irina sun cika gari. In ta gani ta nace, ki yi mata nata na waya yadda take so, amma ki sa na gaskiyar a cikin albam ko da guda ɗaya ne. Wata rana wani zai zo nemansa, kuma ba lallai ita ce za ta zo ba.

Yanzu saura roƙona. Goshin nan naki na Dija ne. Idanun, da yadda kike kau da kai in za ki yi dariya, da launin nan da kike kira rashin sa'a, duk nata ne, ban ba ki komai ba sai taurin kai. Tsagar ce kawai babu. Wani lokaci kina wucewa ta tsakar gida da hantsi sai in ɗauka ita ce. Duk duniya babu sauran hoton Innarki sai wanda kike yawo da shi a fuskarki. Ni na goge ta sau ɗaya da hannuna. Don girman Allah, kada ki sa man nan ki goge ta karo na biyu.

Maama ta tsufa ƙwarai, yanzu kam idon ya fara tafiya da gaske. Har yau ba ta da hoton autarta, kuma har yau ba ta sake tambayata ba. In kin huta gajiya, ki nemi taga mai kallon gabas a inda kika sauka. Ki yafa shuɗin mayafi, ki kafa kyamara, ki zauna haske na bin gefen fuskarki. Ki ɗauka ki turo mini yadda ya fito, kada ki taɓa shi ko kaɗan. Zan wanke biyu. Ɗaya zan hau mota in kai Sunkani da kaina, in durƙusa in ba ta, in faɗi abin da ya kamata in faɗa tun ranar arba'in. Ɗayan na falo ne. Gobe da safe, da motarku ta tashi, zan sauke wancan in juya fuskarsa bango. Ƙusar da Innarki ta kafa tana nan, ba zan cire ta ba.

In kin yi fushi da ni, kina da gaskiya, ki yi. Amma ki turo hoton tukuna, don Maama ba ta da lokacin jiran mu shirya.

Ki riƙe salla a kan lokaci ko ana tsakiyar biki. Ki gaishe da Hajiya, ki bi ta sau da ƙafa. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya sa albarka a idonki da hannunki, Ya kare ki daga sharrin mutum da aljan, Ya dawo mana da ke lafiya. Allah Ya haskaka kabarin Dija. Ni kuma ki roƙa mini gafara wurinSa, in kin samu zuciyar yi, ki haɗa da taki.

Wassalam.

Naki,
Babanki Sa'idu Mai Hoto.